A Ba Uwa Izinin Kai Yaro Asibiti Tun Kafin Ciwo Ya Zo

Akwai wata magana da ma'aikatan sashen gaggawa na yara a Jos suka haddace saboda yawan jin ta: "Tun jiya yake haka, babansa ne ba ya nan." Wani lokaci a ce ya tafi ƙauye sayo kaya, wayarsa ba ta shiga. Wani lokaci kuma yana nan cikin gari, a Farin Gada ko Taminus, amma ya ce a jira shi ya dawo da yamma. Kafin yamma an je kemis an yi allura, an shafa man zafi, kaka ta jiƙa abin da ta sani an ɗura. Sai bayan isha'i numfashin yaro ya canza, sannan a fara neman keke. Yaron da maganin kwana uku zai ishe shi da safe, yanzu sai an sa masa oksijin an yi ƙarin jini, kuma kuɗin da ake gudun kashewa ya ninka sau da yawa.

Ra'ayina shi ne duk magidanci ya zaunar da matarsa tun kowa na lafiya, ya faɗa mata da bakinsa, a gaban mahaifiyarsa idan gida ɗaya suke, cewa ranar da ta ga alamomi kaza da kaza a jikin yaro ta ɗauke shi ta fita, ba sai ta neme shi ba. Ya ajiye mata kuɗin da ba a taɓawa don cefane. Su yanke asibitin da za a nufa, su kuma san wanda zai kai su idan dare ne. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake ganin wannan sakaci ne da tsarin gida ya tambayi malaminsa: kiyaye rai yana cikin manyan abubuwan da shari'a ta zo don karewa, kuma izinin da miji ya bayar tun da wuri izini ne cikakke. A gidajen da ba izini ne matsalar ba, kuɗi ne, kuma maganin ɗaya ne, a tanada tun da wuri.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna yara 132 cikin kowane 1,000 ba sa kaiwa shekara biyar a Najeriya. Manyan cututtukan da ke ɗaukar su sanannu ne: maleriya, namoniya, gudawa da matsalolin jarirai sabbin haihuwa. Duk suna da magani, yawanci ma mai araha. Abin da ke raba wanda ya tashi da wanda aka rasa sau da yawa sa'o'in da suka wuce ne tsakanin alamar farko da ƙofar asibiti.

Za a ce, to kowane zazzaɓi sai a ruga asibiti? Ina kuɗin? Gaskiya ne, kuma ba haka ake so ba. Yaron da ke mura yana wasansa, yana cin abinci, yana shan nono, a gida za a kula da shi. Wanda ya tashi da zazzaɓi amma yana sha yana kallon mutane, ko kunne na masa ciwo, ko gudawa ba jini kuma yana karɓar ruwa, wannan na asibitin unguwa ne, a yau ɗin nan, kafin su tashi. A can za a soki yatsa a yi gwajin maleriya da ke fitowa cikin minti 15 zuwa 20, a auna nauyinsa, a ba da magani daidai da nauyin. Cika sashen gaggawa da masu mura yana jinkirta wanda ke cikin halin rai-kwakwai-mutu-kwakwai. Don haka izinin da nake magana sai ya zo tare da sani.

Alamomi huɗu Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba ga yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, kuma ko ɗaya aka gani ba a kwana da shi a gida: ya kasa shan ruwa ko kama nono, duk abin da ya shiga cikinsa sai ya amayar, ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ana tashinsa ba ya farkawa sosai. Ta ƙarshen ita ce ta fi yaudarar iyaye. Yaron da ya kwana yana kuka da zafin jiki, da safe ya yi shiru yana ta barci, sai a ce alhamdulillahi ya samu sauƙi. A gwada shi. A kira sunansa, a tafa hannu, a ɗaga shi zaune. Idan ido bai tsaya a kan mahaifiyarsa ba, ko ya buɗe ya sake lumshewa kai yana langaɓewa, wannan ba barcin hutu ba ne. Maleriyar da ta taɓa ƙwaƙwalwa, sanƙarau da faɗuwar sukarin jini duk haka suke zuwa.

Sai numfashi, kuma wannan kowace uwa mai waya a hannu za ta iya aunawa. A bari yaro ya natsu, don in yana kuka lissafin ba ya daidai. A ɗage rigarsa a ga ciki da ƙirji, a kunna agogon waya, a ƙirga minti ɗaya cif, tashi da sauka a matsayin ɗaya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa 11, iyakar ita ce 50. Daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. In an samu haka tare da tari, akwai zargin namoniya, a gan shi a ranar. Idan kuwa ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, hanci na buɗewa, yana nishi a kowane numfashi, ko leɓe ya yi duhu-duhu, to wurin da ke da oksijin ake nufa kai tsaye. Maganin tari na kwalba ba ya taɓa namoniya, wasu ma sa barci suke yi su ɓoye alamar.

A duba tafin hannu da cikin fatar ido ta ƙasa. In sun yi fari fat ga yaro mai zazzaɓi, jini ne ya ƙare, musamman in fitsari ya koma kalar baƙin shayi. Mai gudawa kuma a duba ko idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, ko ya yi sa'a shida zuwa takwas bai yi fitsari ba. A tsunkuli fatar ciki a saki, in ta ɗauki fiye da daƙiƙa biyu ba ta koma ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa ƙwarai. Faɗawar maɗiga ba ciwo ba ne mai zaman kansa da za a shafa wa magani a ka, ruwa ne ya fita. Haƙori ma da ake ɗora wa laifi ba ya kawo gudawa sau goma a yini. Tun daga kashin farko ake fara ruwan gishiri da sukari: a duba jikin ledar, yawanci ƙulli ɗaya na lita ɗaya ne, wato ledar ruwa biyu ta 50cl. In babu, cokalin shayi 6 na sukari a shafe da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya, kada a ƙara gishirin. Ɗan ƙasa da shekara 2 ana ba shi 50ml zuwa 100ml bayan kowane kashi, babba 100ml zuwa 200ml, da cokali, a hankali. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. A haɗa da ƙwayar zinc, 20mg kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba.

Jariri ɗan ƙasa da wata biyu ba shi da "bari mu gani zuwa gobe". Zafin jiki 37.5 ko fiye, ko sanyin jiki ƙasa da 35.5, ƙin kama nono, cibiya ta yi ja ko tana ruwa, ciwon shawara a rana ta farko ko wadda ta sauka har tafin hannu da na ƙafa, duk na asibiti ne nan take, ko da ranar suna ce, ko da mai jego ba ta yi arba'in ba. A garin sanyi irin Jos a kula da wannan: jaririn da cuta ta shiga jininsa sau da yawa ba ya zafi, sanyi yake yi. Haka yaro mai sikila, zazzaɓinsa ba a jiran sa ya kwana.

Jijjiga ita ce wurin da tsoro ke sa a yi ɓarnar da ta fi ciwon. Ana tura cokali a baki wai kada ya haɗiye harshe, haƙora su karye, harshe ya yage. Ana ɗura manja ko jiƙo alhali yaro ba ya iya haɗiya, ya tafi huhu. Ana matsa albasa a ido. Har yanzu akwai masu kara ƙafar yaro a wuta don ya farfaɗo, a warke daga jijjigar cikin minti uku a shafe watanni ana jinyar ƙuna. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Abin yi kaɗan ne: a kwantar da shi a gefensa a ƙasa, a janye abin da zai buge, a sassauta tufafi, kada a danne shi, kada a sa komai a baki, a duba agogo. Yawancin jijjigar zazzaɓi, wadda ke samun yara daga wata 6 zuwa shekara 5, tana tsayawa da kanta kafin minti biyar. In ta wuce haka, ko ta dawo, a tafi da shi a kwance a gefensa ba tare da jiran ta lafa ba. Ko ta tsaya, a ƙasar maleriya sai an gan shi a ranar. Addu'a kuma ba ta hana tafiya, ana yin ta a cikin keke.

Game da kemis, ba na cikin masu zagin su, don su ne a buɗe lokacin da asibitin unguwa ke rufe, kuma su ne ke ba da bashi. Amma lasisin mai shagon magani na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, bai haɗa da allura ko ƙarin ruwa ba. Allurar da ake cewa "a yi masa ta sauko da zafi" tana sauke zafin na wasu sa'o'i cutar na ci gaba a ƙasa, ga haɗarin ƙurji, ga taɓa jijiyar ƙafa idan aka soka a ɗuwawu ba daidai ba. Farasitamol ma da nauyi ake ba da shi, 10mg zuwa 15mg ga kowane kilo, ba fiye da sau huɗu a sa'a 24 ba. Na ruwa mai 120mg a 5ml, yaro mai kilo 10 bai wuce 6ml ba, da sirinji ko murfin awo, ba cokalin miya ba. Magungunan mura da na haƙori da yawa akwai farasitamol a cikinsu, sai uwa ta haɗa uku ba ta san abu ɗaya take ninkawa ba. Mu tuna a 2008 maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda wani sinadari mai lalata ƙoda ya gurɓata, ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 84 a ƙasar nan, kuma fitowar haƙori ba ta buƙatar magani tun farko.

Wani ɓangare na abin da ke kai yara sashen gaggawa kuwa ba cuta ba ne, kayan gidanmu ne. Ɗauki kananzir. An sayo na ɗari biyu ko uku a robar lemo, an ajiye a ƙasa kusa da risho. Yaro ɗan shekara ɗaya da rabi ya dawo daga wasa da ƙishirwa, ya san wannan robar, daga irinta ake ba shi abin daɗi. Kurɓa ɗaya, sai tari, sai warin kananzir a baki da gaban riga. Nan take wani ya kawo manja, wani madara, wani ya tura yatsa a maƙogwaro. A nan ake yin kisan. Kananzir a ciki ba shi da haɗari sosai, huhu yake lalatawa. Ba shi da kauri, yana malala, ɗigo kaɗan in ya shiga hanyar iska sai ya bazu. Duk amai damar shigarsa huhu ce ta biyu, manjan da aka ɗura da ƙarfi shi ke jawo aman, shi ma kuma yana iya bin hanyar. A cire rigar da ta jiƙe, a wanke fata da sabulu, a riƙe yaro zaune, kada a ba shi komai, a tafi asibiti. Ko ya yi kamar ya warke ana sa masa ido aƙalla sa'a shida, don saurin numfashi da zazzaɓi kan biyo baya.

Sodar haɗa sabulu ta fi wannan muni, kuma yanzu da mata da yawa ke sana'ar sabulun ruwa a gida ta shiga ɗakuna. In an jiƙa ta ba a bambanta ta da ruwa. Tana ƙone maƙogwaro tun daga shiga, amai ya sake ƙone shi a fita, bayan makonni hanyar abinci ta tsuke yaro ya kasa haɗiye ko kunu, sai tiyata. Wadda ke wannan sana'a ta jiƙa soda a mazubi mai murfi, a ɗakin da ake kullewa, kada ta taɓa amfani da kofi ko robar sha. Fiya-fiya da Sniper alamarsu daban ce: yawu na dalala, gumi, ƙwayar ido ta tsuke, ƙirji na kurkur. Akwai allurar da ke karya dafin a asibiti, minti nawa aka ɓata shi ne magana. Shinkafar ɓera, wani nau'in ba ya nuna komai sai bayan kwana ɗaya ko biyu jini ya fara zuba. Jajayen ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu ciki a awo kamar alewa suke a idon yaro, kuma tafin hannu ɗaya na iya kashe shi. Farasitamol da yawa ma haka, yaro ya yini garau, hanta ta gaza a kwana na biyu ko na uku, alhali maganin karya shi ya fi aiki cikin sa'a takwas na farko. Ƙa'idar duka ɗaya ce: ba amai, ba manja, a ɗauki kwalbar ko ledar a tafi da ita, ba a jiran alama. A gida kuwa ajiya a "sama" ba ta isa ba, don ɗan shekara uku yana jan kujera. Akwati mai kwaɗo ake so.

Sanyin Disamba da Janairu yana kawo nasa. Ana hura gawayi a kurfoti a shigar ɗaki, a rufe ƙofa da taga, a toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Ko hayaƙi ya daina tashi, garwashin ya yi ja, tana nan tana fita. Jariri ke fara jikkata. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri da amai a tare, kada a tsaya zargin abincin dare ko iska, a buɗe ko'ina, a fitar da kowa waje, a tafi inda ke da oksijin. Janareta ma haka yake, ba a kunna shi a baranda, zaure ko lungun ɗaki don tsoron ɓarawo. Aƙalla mita shida daga taga, bakin hayaƙin yana kallon waje. In za a ɗumama ɗaki da gawayi, a fitar da shi kafin a kwanta, a ƙara bargo da hula da safa.

Ƙuna ma lokacinta ke nan. Ruwan wanka a bokiti da hita a ciki, filas a ƙasa, tukunyar kunu da aka sauke a tsakar gida, ruwan jego. A fara zuba ruwan sanyi a baho sannan a sirka da na zafi, a gwada da gwiwar hannu. In ƙunar ta faru, minti 20 ake yi ana kwarara ruwa mai sanyin famfo a wurin, don zafi yana ci gaba da cin nama bayan an janye wutar. Ba ƙanƙara ba. A cire riga, awarwaro da zobe kafin kumburi, sai dai abin da ya manne da fata a bar shi. Wurin ƙunar kaɗai ake sanyayawa, sauran jiki a lulluɓe, don ƙaramin yaro a sanyin Jos yana iya sandarewa. Man goge baki, ɗanyen ƙwai, baƙin mai, manja da gishiri duk suna shigar da ƙwayoyin cuta, kuma sai an kankare su a asibiti kafin a ga zurfin ciwon, yaro ya sha azaba sau biyu. Ba a fasa ƙurajen ruwan. A rufe da tsaftataccen ƙyalle mara gashi. In faɗin ƙunar ya wuce tafin hannun yaron, ko tana fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko ta yi fari ba ta zafi, ko ta lantarki ce, babban asibiti ake zuwa.

Ruwa kuwa shiru yake kisa. Ɗan tatata nauyin kansa yana rinjayar jikinsa, in ya leƙa bokiti ya kifa ba ya iya tashi, ba kuma ya ihu. A garin da ake tara ruwa a duram da baho saboda famfo ba kullum ba, dole komai ya zama da murfi mai nauyi, a kifar da bokiti da an gama wanki. Rijiyar tsakar gida a gidan haya hakkin mai gida ne ya ɗaga bakinta ya sa murfin ƙarfe da kwaɗo, kuma ina ganin bai kamata masu unguwa su bar wannan ga ganin damar kowa ba. Ga manyan yara kuma akwai kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos da Bukur, masu zurfi, masu sanyi, bakinsu a tsaye. Wanda aka ciro ba ya numfashi ba a juya shi ƙasa don ruwa ya fita. A kwantar da shi, a ɗan ɗaga haɓa, a hura masa iska sau 5, sannan danna tsakiyar ƙirji sau 30 da hura 2, a ci gaba har a hanya.

Shaƙewa da gyaɗa, aya, gurjiya ko murfin biro tana da tata dabarar. In yaro na tari da ƙarfi a bar shi ya yi. In sauti ya ɗauke, jariri a kifa shi a kan hannu kai ƙasa, a bugi tsakanin kafaɗu sau 5, a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5, a maimaita. Wanda ya wuce shekara, bayan bugun baya sai a rungumo shi ta baya a matsa saman cibiya ciki da sama. Ba a lalube da yatsa. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli in an haɗiye shi yana iya ƙone maƙogwaro cikin sa'a biyu, na gaggawa ne ko yaro na dariya. Cizon kare, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a je a fara rigakafin haukan kare a ranar. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana gwada karen da ake zargi, amma ba a jiran sakamako kafin a fara allurar.

To ina za a nufa? Manyan wuraren da aka sani su ne asibitin koyarwa na jami'a da ke Lamingo, asibitin ƙwararru na jihar Filato, asibitin Jankwano da na Our Lady of Apostles, wato OLA. Kowane gida ya zaɓi biyu, don ana yajin aiki, gado ma yana cika. Wanda ke jijjiga ko numfashi ke gagara, mafi kusa da ke da likita da oksijin a fara tsayawa, ko da daga baya za a tura gaba. Hakan na nufin sai an tambaya tun da rana tsaka: asibitin kuɗin nan na bakin layi, likita na kwana? Suna da oksijin? Suna ƙarin jini? A tambayi kuɗin kati da na gwajin jini, a haɗa da kuɗin abin hawa na dare, a ninka biyu, wannan shi ne abin da za a ajiye, kuma tsaba, don intanet kan ɗauke a daren da ake buƙatarsa. A tafi da katin rigakafi, duk magungunan da aka ba yaro da lokacin da aka ba shi, da babban mutum mai lafiya da zai iya ba da jini. A faɗa wa likita gaskiyar abin da aka ɗura, na gargajiya ne ko na kemis, faɗan da zai yi bai kai haɗarin ɓoyewa ba. A bakin ƙofa kuma ba a bin layin kati da irin wannan yaro. A nufi nas a faɗi alamar da ƙarfi: "Ba ya farkawa," "Ya sha fiya-fiya." Tsarin sashen gaggawa shi ne mafi tsanani a fara gani, ba wanda ya riga zuwa ba.

Nauyin bai tsaya a kan iyaye kaɗai ba, kuma zalunci ne a yi kamar haka ne. Mutane suna jinkiri ne don sun san abin da ke jiran su: a kawo kuɗi kafin a taɓa yaro, a je waje a sayo sirinji da safar hannu da ƙarfe biyun dare. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana kowane asibiti ko ma'aikaci ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane dalili, da hukuncin tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Tarar ta zama abin wasa a darajar naira ta yau, ya kamata majalisa ta ɗaga ta. Dokar ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don jinyar gaggawa, daga nan aka kafa tsarin motocin ɗaukar marasa lafiya na ƙasa da aka fara a Abuja a 2022. Abin da uwa a Rikkos ko Unguwar Rogo ke buƙatar gani a ƙasa shi ne a liƙa wannan sashe da Hausa a ƙofar kowane asibiti, na gwamnati da na kuɗi, tare da lambar kai ƙara da ake ɗagawa. Kowane sashen yara ya kasance da kabad na magungunan sa'o'in farko, allurar maleriya mai tsanani, ta tsayar da jijjiga, ruwan sukari, ruwan ƙari, a yi amfani da su a yi lissafi daga baya, gwamnati kuma ta riƙa biyan asibitocin a kan lokaci, don asibitin da ba a mayar masa da kuɗinsa ba zai koma neman kuɗi a ƙofa.

Akwai lambar gaggawa ta ƙasa, 112, kyauta ce, a sa ta a waya, amma kada gida ya dogara da ita kaɗai. Dare a Jos yana da nasa sha'anin: keke ya yi wuya, akwai shingayen jami'an tsaro, wani lokaci dokar hana fita, akwai kuma unguwannin da mutum ke shakkar ratsawa bayan duhu. Wannan aikin unguwa ne. Kwamitin masallaci ko na coci, ko 'yan sintiri, su tsayar da mutum uku masu mota ko keke da suka yarda a buga musu waya kowane lokaci, a biya su man da suka ƙona daga asusun unguwa, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa sunayensu da lambar abin hawansu don kada a tsare su a shinge, a kuma rubuta lambobin a ba matan kowane gida a hannunsu.